Daga Nima zuwa Shiashie: yadda yajinmu ya samu lambar FDA

Yaji sana'ar gidanmu ce tun kafin a haife ni. Mma ta gaje ta wurin kakarmu, ni kuma na tashi na tarar da turmi da rariya a tsakar gida. Masu tsire na Nima da Maamobi da New Town, har da wasu daga Madina, duk a yankin Accra ta Ghana, wurinmu suke saye a olonka, gwangwanin awo na nan ƙasar, kuma ba wanda ya taɓa tambayarmu wata takarda. Maganar takarda ta taso ne da na fara zuba shi a ƙananan robobi masu murfi ina kai wa kantuna. Wata mai kanti a Osu ta ɗanɗana ta yaba, ta juya robar gaba da baya, sannan ta miƙo min abina. Ta ce in babu lambar FDA, wato hukumar kula da abinci da magunguna, ba za ta ajiye shi a kantinta ba, domin ranar da jami'ai suka shigo ita za su riƙe, ba ni ba.

Gaskiyarta. Dokar kiwon lafiyar jama'a ta 2012, wadda ake kira Act 851, ta faɗa a sashe na 97 cewa ba a yarda kowa ya sarrafa abinci ya fitar da shi kasuwa ba sai hukumar kula da abinci da magunguna ta yi masa rajista. Mu a zango mun daɗe muna jin sunan hukumar a rediyo, a ƙarshen kowace tallar magani, amma mun ɗauka harkar manyan kamfanonin Tema ce da masu shigo da kaya ta tashar jiragen ruwa. Da labari ya bazu cewa ina neman lamba, wani mutum ya same ni har gida ya ce in ba shi kuɗi, cikin mako guda zai kawo min lambar da zan buga, ba sai an zo an duba komai ba. Mma na zaune tana jinsa. Bayan ya fita ta ce, "Lambar wani zai ba ki. Ranar da asiri ya tonu, sunan gidan nan za a kira." Ban sake ɗaga wayarsa ba.

Takardun farko ba su da wani dogon labari. Na yi wa sunan sana'ar rajista a ofishin rajistar kamfanoni da Ghana Card ɗina, tunda daga 2021 lambar katin ce ta zama lambar haraji. Na ciro adireshin gidanmu na GhanaPost GPS, na biya kuɗin izinin kasuwanci a majalisar ƙaramar hukumarmu ta Ayawaso East. Sannan duk wanda hannunsa ke taɓa yajin sai ya yi gwajin lafiya na masu abinci, wanda ake duba taifot da makamantanta, duba-gari su ba shi kati. Nan ne kawai aka ɗan ja da Mma. Ta ce tun ba a haifi mai ɗibar jinin ba take daka yaji. Ƙanwata ce ta lallashe ta, muka tafi tare.

Hedikwatar FDA tana Shiashie. Motar Madina za ka shiga ka sauka a hanya. Matar da ke teburin karɓar jama'a ta raba min maganar gida biyu: akwai lasisin wurin da ake yin abincin, akwai rajistar shi kansa abincin, kuma kowanne da fom ɗinsa da kuɗinsa da wa'adin sabunta shi. Ta kuma gaya min abin da ya sa na koma gida da ƙwarin gwiwa. Tun 2020 hukumar ta fito da tsarin lasisi mataki-mataki saboda masu ƙananan sana'o'i irin namu. Matakai uku ne, kowanne da launinsa: ruwan hoda, rawaya, kore. Ana fara ba ka ruwan hoda in ka cika sharuɗɗan da lafiyar mai ci ta rataya a kansu, sannan ka ci gaba da gyara kana hawa. A ganina wanda ya tsara wannan ya san yadda talaka ke sana'a. Da an ce sai na gina masana'anta kafin a saurare ni, da a ranar maganar ta mutu.

Wuri shi ne babban aiki. Duk wanda ya san Nima ya san ɗaki a nan ba abin wasa ba ne. Yayana ya bar mana shagonsa da ke jikin gida, muka sa tayil a ƙasa, muka yi fenti, muka buga raga a tagogi, muka rufe silin. Muka ajiye bokitin Veronica a bakin ƙofa da sabulu, irin mai famfo a gindi da kowa ya saba da shi tun lokacin korona.

Jami'ai biyu suka zo, mace da namiji. Na zaci fenti da tayil za su tsaya kallo, amma ko minti biyu ba su yi a kansu ba. Namijin ya ce in nuna masa hanyar da buhu ke bi daga ƙofa har ya zama yaji a roba, ya bi ni a baya taku-taku. Ya nuna min inda ɗanyen kaya ke giftawa ta gefen wanda aka gama, ya ce a juya teburin. Ya ce buhuna su hau katako, su kuma bar jikin bango. Ya tambayi littafin da muke rubuta ranar da muka sayi kaya da wurin wanda muka saya da ranar da aka haɗa kowane rukuni, saboda in wani ya ci ya kamu da ciwo a san robobin da za a janye. Ya leƙa har inda ruwan wanke-wanke ke fita.

Macen kuma ta tambaye ni inda muke niƙa. Na ce injin unguwa, inda kowa ke kai masara da gero da kayan miya. Ta ciro ɗan maganaɗisu daga jakarta, ta nannaɗe shi da farar takarda, ta ce in zubo mata garin barkono a faranti. Ta yi ta jansa cikin garin a hankali. Da ta ɗago sai ga baƙar ƙura ta manne a jikin takardar, siri-siri a tsaitsaye. Ta miƙa wa Mma ta ce, "Mma, taɓa ki ji." Faifan injin ne ke cinyewa, ɓarɓashin ƙarfen yana bin gari. Mma ta murza shi tsakanin yatsunta, ta daɗe ba ta ce komai ba. Da kuɗin adashina ya fito, ƙaramin injin niƙa na ƙarfen da ba ya tsatsa muka saya.

Sai maganar ɓeraye da ƙwari. Ta tambaya ko muna jefa ƙwayar nan ta hatsi a cikin buhu, wadda ake sayarwa a bakin kasuwa a ɗan gwangwani. Ba ma sawa, amma na san gidajen da ke sawa, wasu ma a ɗakin da suke kwana. Ƙwayar in ta sha danshin iska tana fitar da iskar guba mai suna fosfin, wadda ba ta bambanta ƙwaro da mutum. A 2018 yara uku 'yan gida ɗaya sun rasu a nan cikin Accra, bayan an sa irinta a ɗaki don kashe ƙwari. Jami'ar ta ce maganin ƙwari hurumin hukumar kare muhalli ce, EPA, wadda aka kafa da dokar 1994. Ita ke yi wa magungunan rajista, ita ke ba masu sayarwa da masu feshi lasisi. In za mu yi feshi, mu kira mai lasisi, mu fitar da kayan abinci gaba ɗaya, mu karɓi takardar shaidar abin da ya fesa mu ajiye a fayil. Ta rubuta mana duk gyare-gyaren a takarda, muka sa hannu, suka ce za su dawo.

Gwaji shi ne abin da ya fi cin kuɗi, shi ne kuma abin da ya sauya min sana'ar gaba ɗaya. Ana kai samfur ɗakin gwaje-gwajen da hukumar ta amince da shi, irin na hukumar kula da ingancin kaya, GSA, ko na cibiyar binciken abinci ta CSIR, dukansu ba su da nisa da Shiashie. Ana duba danshi, da ƙwayoyin cuta irin su salmonela, da fumfuna, da rini. Maganar rini ba sabuwa ba ce gare mu. Kowa na tuna 2015, lokacin da FDA ta gano rinin Sudan IV a cikin manja a kasuwannin Accra da Tema, rinin da aka yi shi don fata da roba da man goge takalmi, kuma akan zuba irinsa a garin barkono don ya yi ja.

Mutumin da ya karɓi samfurina ya karanta jerin kayan haɗin: barkono, citta, kanumfari, masoro, kimba, gishiri, garin ƙuli-ƙuli. Ya ɗago ya ce, "Hajiya, ƙuli-ƙulin nan ke kike soyawa ko saye kike yi?" Na ce saye muke yi, wurin wata maƙwabciyarmu da muka shekara da shekaru muna ciniki. Ya ba ni shawara in fara gwada ƙulin shi kaɗai da barkonon shi kaɗai kafin in biya kuɗin cikakken gwaji. Na bi shawararsa. Barkono ya fita lafiya, ba rini. Ƙuli-ƙuli kuwa, gubar afulatoksin da ke cikinsa ta haura iyakar da doka ta yarda.

Ban taɓa jin sunan ba sai ranar. Ya zaunar da ni ya yi min bayani, daga baya kuma na yi ta karantawa har dare. Guba ce da wata fumfuna mai suna Aspergillus flavus ke fitarwa a jikin gyaɗa da masara da barkono, tun a gona in fari ya matsa wa shuka, ko bayan girbi in ba a busar da kyau ba, ko an jibge buhu a wuri mai danshi. An fara gano ta ne bayan 1960, da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa musu da tunkuzar gyaɗa daga Brazil. A 2004 mutum 125 sun mutu a Kenya saboda gurɓatacciyar masara. Amma irin wannan mutuwar ta farat ɗaya ba ita ce ta fi yawa ba. Abin da ya fi yawa shi ne a yi ta ci kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, tana taruwa a kan hanta. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ta a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, kuma haɗarin yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Wani bincike da aka yi a Benin da Togo ya danganta ta da tsumburewar ƙananan yara. Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci in gubar ta wuce maikurogiram 4 a kilo guda, abin da ido ba zai taɓa gani ba.

Abu biyu suka fi tsaya min a rai. Na farko, wuta ba ta kashe ta. Mu duk mun tashi da yaƙinin cewa abin da ya shiga tafasasshen mai ya tsarkaka. Ƙuli-ƙuli sai an soya gyaɗa, a niƙa, a matse, a sake soyawa, amma gubar na nan daram. Na biyu, in an matse mai, mafi yawanta a tunkuza take zama. Ke nan man ya tafi da ɗan kaɗan, ragowar ta taru a abin da muke dakawa mu barbaɗa a tsire, a abin da yara ke gutsura a hanyar makaranta, a abin da ake jiƙa gari da shi a gidan da ba a ɗora tukunya ba. Na tuna mutanen unguwarmu da ciki ya kumbura musu, idanu suka yi rawaya, aka ce jifa ne ko sammu. Ba zan ce ga abin da ya kashe wane ba, ni ba likita ba ce. Amma na kwana ina tunaninsu.

Maƙwabciyarmu ba muguwa ba ce, ina so a fahimci wannan. Mijinta ya rasu, da ƙulin nan take riƙe da yara. Ranar Laraba in motocin Arewa sun sauke kaya a kasuwar Nima, gyaɗa kala-kala ce. Mai kyau, manya-manya, ta masu kuɗi ce da masu kai wa kamfani. Karyayya da motsattsiya da wadda ta fara sauya launi ita ce mai araha, ita masu ƙuli da masu niƙa ta miya ke iya saye su samu ɗan abin da za su rage. Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa gubar a cikin waɗannan 'yan ƙwayoyin ta fi taruwa, har 'yan kaɗan daga cikinsu su ɓata buhu guda.

Maganin abin kuwa hannu ne da ido. Yanzu da kanmu muke sayen gyaɗa. Mma tana gutsura ta ji ko ta bushe ƙaras, in ta ji laushi ko warin rima ko kyauta aka ba ta ba ta ɗauka. A gida mukan ɗan gasa ta sama-sama don ɓawon ya saki, mu murje, mu sheƙe, saboda jan ɓawon nan yana ɓoye aibi. Sai a baza a farin faranti da safe, lokacin da haske ke da kyau, mu zauna mu huɗu muna tsincewa. Mai ɗigon baƙi, fita. Wadda ta yi ruwan ƙasa a ciki, fita. Mai huda, motsattsiya, mai ƙurar kore-kore a tsaga, duk fita. Aiki ne mai cin baya da idanu, wani buhun a cire olonka guda, wani ya fi haka. Da muka haɗa yaji da ƙulin wannan gyaɗar muka mayar gwaji, sakamako ya fito ƙasa da iyaka.

Abin da ba ya cikin kowane fom shi ne: ina za a kai wadda aka tsince? Ba a yi kwana nawa ba wata mata ta ji labari ta zo ta ce mu sayar mata, za ta haɗa da wata ta niƙa. Wani kuma ya ce a ba shi ya zuba wa kaji da awaki. Ita ma wannan ba mafita ba ce, domin gubar tana illata dabba, tana kuma fita a nonon wadda ake tatsa. Mma ta shiga damuwa sosai, ta ce zubar da abinci almubazzaranci ne, ga asarar kuɗi. Ita da kanta ta kai maganar wurin malaminsu na Islamiyya. Ya karanta musu hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da hatsi, ya tura hannunsa cikin tsibin ya ji danshi, ya tambaye shi me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Malam ya ce abin da kika san yana cutarwa ya tashi daga abinci. Daga ranar muke cakuɗa tsintacciyar da toka da ruwan wanke-wanke kafin mai keken shara ya ɗauka, don kada wani ya tsince ta a juji.

Wannan ne abin da ke ci min rai har yau. Lambar da na wahala a kanta tana kare mai shiga kanti a Osu ko East Legon. Yaron Nima da ke sayen ƙuli a ƙulle a leda ba shi da lamba, ba shi da wanda ya gwada masa. Kuma duk lokacin da mai neman lasisi ko mai fitar da kaya waje ya tsince gyaɗarsa ya sayar da ragowar, gubar ba ta bar gari ba, gangarowa ta yi wurin wanda bai da zaɓi. Kuɗin gwaji guda ya fi ƙarfin mace ɗaya mai kasko ɗaya. Shi ya sa nake ganin bayanin nan ya kamata ya shiga masallatai da makarantun Islamiyya da gidajen suna da tashoshin rediyon da ke shirin Hausa, a yi shi da harshen da masu suyar ke ji.

Lebul shi ne na ƙarshe. Dokar lebul ta 1992, L.I. 1541, ta ce a rubuta da Turanci: sunan kaya, abubuwan da ke ciki, nauyi, ranar yi da ranar ƙarewa, lambar rukuni, suna da adireshin mai yi, da ƙasar da aka yi shi. Aka ce in fito da kalmar gyaɗa ɓaro-ɓaro saboda masu borin jini da ita. Yayana ya so a ƙara cewa yana ƙara wa maza kuzari, wai shi ke sayar da yaji. Jami'ar da ta duba ta ja layi a kai ta ce abinci muka kawo, ba magani ba, duk abin da ba za mu iya tabbatarwa ba kada mu rubuta. Hausa kuwa ba wanda ya hana ni ƙarawa, na sa ta a ƙarƙashin Turancin.

Jami'an sun dawo suka ga teburin ya juya, buhuna sun hau katako, littafi ya fara cika. Bayan ɗan jira aka kira ni na karɓi lasisi mai ruwan hoda, daga baya lambar rajistar yajin ta fito. Kafin mu kai rawaya akwai sauran aiki, ciki har da raba ɗakin suya da ɗakin zubawa a roba.

Farashinmu ya ɗan hau, kuma wasu masu tsire sun koma inda ya fi araha. Waɗanda suka tsaya, yajin da ke shiga roba shi muke auna musu a olonka, ba mu da tukunya biyu. Maƙwabciyarmu yanzu ita ke soya mana ƙuli a ɗakinmu, da gyaɗarmu, da katin lafiyarta, muna biyanta. Nata na kasuwa ta fara tsincewa, amma ta ce min in ta cire duk abin da muke cirewa ba za ta mayar da uwar kuɗi ba, sai dai in gyaɗar ta zo da kyau tun daga tushe. Saboda haka mu shida a layinmu muka haɗa kuɗi. In girbi ya kama wajen Oktoba, yayana zai hau mota zuwa Tamale da Walewale ya nemo manoman da ke shanya a kan tamfol maimakon ƙasa, da masu zuba Aflasafe a gona, maganin da cibiyar IITA ta Ibadan ta samar don rage gubar tun kafin gyaɗa ta yi fure. Za mu saya kai tsaye daga hannunsu, mu ɗebi samfur daga buhunan a gwada sau ɗaya da kuɗin mu duka, sannan a raba.